Tayoyin da suka kai mu Langjökull

A ƙarshen watan Fabrairu na sauka a filin jirgin sama na Keflavik da ke ƙasar Aislan, don in ziyarci yayana da ya daɗe yana aiki can. Yana zaune ne a Hafnarfjörður, wani garin bakin teku da ya kusa haɗewa da Reykjavik, babban birnin ƙasar, ta kudu. Mai jin sunan ƙasar daga nesa zai ɗauka sanyin babban birninta ya fi na ko'ina, amma na tarar da ma'aunin zafi yana kai da kawo ne a bakin sifili, yau digiri 2 a sama, gobe 3 a ƙasa. Ruwan teku mai ɗumi da ke tasowa daga kudu ta cikin tekun Atlantika shi ke sassauta musu. Sai dai a wajen direba wannan sassauci ba alheri ba ne. Dusar ƙanƙara ta zuba da dare, da rana ta narke, ruwan sama ya biyo baya, dare ya sake yi komai ya daskare. Da safe sai ka ga kwalta baƙa wuluk kamar babu komai a kanta, alhali ƙanƙara ce ta lulluɓe ta.

Yayana ya sayi wata tsohuwar Land Cruiser a hannun wani ɗan ƙasar. Mai ita na farko ya riga ya sauya mata kama: ya ɗaga ta sama, ya yanke bakin ƙafafunta ya faɗaɗa, ya saka mata tayoyi masu tsayin inci 38. Irin waɗannan motoci ba baƙi ba ne a Aislan. Tun shekarun 1980 mutanen ƙasar suka gano cewa babbar taya, idan aka sace mata iska, tana iya ɗaukar mota a saman dusar da in mutum ya taka zai nutse har ƙugu. Daga nan sana'a ta kafu. Kamfanin Arctic Trucks, wanda ya soma a 1990 a ƙarƙashin dillalin Toyota na ƙasar, ya yi suna ne da wannan aiki, kuma motocin da ya gyara sun taka har nahiyar Antaktika. Doka ma ta san da zamansu, don duk motar da aka yi wa wannan gyara sai ta je bincike na musamman kafin ta hau titi.

Burin yayana shi ne ya kai ni Langjökull, tudun ƙanƙara na biyu a girma a ƙasar, bayan Vatnajökull. Ba a zuwa can da mota ɗaya. Maƙwabcinsa, wani dattijo da ya shafe shekaru cikin 'yan sa-kai masu ceton mutane a duwatsu da teku, ya ce za su hau da abokansa a ƙarshen mako, kuma muna iya bin ayarinsu idan ya ga motar ya gamsu.

Ya zo da yamma. Bai buɗe injin ba, bai tambayi shekarun motar ba. Ya durƙusa gaban tayar gaba, ya cire safar hannu, ya danna robar da farcen babban yatsa. Ya haska gefenta da fitilar waya ya nemo wasu lambobi huɗu, waɗanda biyun farko ke nuna makon da aka ƙera taya, biyun ƙarshe kuma shekara. Sannan ya miƙe ya ce da waɗannan tayoyin ba zai tafi da mu ba.

Ran yayana bai yi daɗi ba. Tayoyin nan su ne suka fara jan hankalinsa ga motar, zanensu manya-manyan haƙora ne masu zurfi, kowanne kamar dunƙulen hannu. Bayan dattijon ya tafi na ce, "Yaya, ni ma a idona babu tayar da ta fi waɗannan ƙarfi a unguwar nan."

Ya ce, "Ni ma haka na gani, ƙanena. Amma mutumin nan ya ciro gawarwaki daga ramuka. Idan ya ce a'a, gobe sai mu je wajen masu taya."

Shagon da muka je yana cikin unguwar masana'antu, kuma mai shagon mutum ne da ba ya gaggawar sayarwa. Da ya ji inda za mu, sai ya mirgino tayoyi uku ya jera a ƙasa, ya sa muka cire namu ɗaya aka ajiye a farkon layin, suka zama huɗu. A nan na yi karatun da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar.

Tamu taya ta laka ce. An yi ta ne don haƙoranta su nutse cikin taɓo su tono ƙasa mai tauri, su kuma watsar da lakar da ta maƙale yayin da ƙafa ke juyawa. Robarta mai tauri ce don kada dutse ya yage ta. To a kan ƙanƙara babu abin da haƙori zai nutse ciki. Abin da ke taɓa ƙasa sai saman waɗannan dunƙule-dunƙulen, kuma samansu sumul yake. Ga shi roba irin wannan tana fara sandarewa da zarar sanyi ya sauko wajen digiri 7, balle a je ƙasa da sifili, balle kuma tayar da ta tsufa. Abin da dattijon ya gwada da farcensa ke nan. Farcen bai shiga ba.

Ta biyu ƙarama ce a kan tamu, siririya, irin wadda ake yi musamman don hunturun ƙasashen arewa, ba ta da ƙusa. Da na danna ta sai na ji yatsana ya lotsa ta. Idan ka matso da ido, kowane dunƙule na zanenta an tsattsaga shi da siraran layuka masu lanƙwasa, ɗaruruwa a jikin taya ɗaya. Mai shagon ya bayyana cewa abin da ke sa ƙanƙara santsi shi ne ɗan ruwan da ke kwance a samanta, shi ya sa ƙanƙarar da ke bakin narkewa ta fi wadda ke digiri 20 ƙasa da sifili haɗari. Waɗannan tsage-tsage suna buɗewa idan nauyi ya hau kansu, su tsotse ruwan, bakin kowannensu kuma ya kama ƙanƙarar. A kan dusa kuwa zanen yana cika da ita ya riƙe, domin dusa ta fi kama 'yar'uwarta dusa fiye da yadda take kama roba. Ya nuna mini wata alama a gefen tayar, hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusa a tsakiya. Ita ce shaidar cewa an gwada tayar a kan dusa ta kai mizani. Haruffan M+S da ke jikin tamu kuwa kamfani ne kawai ke bugawa bisa fasalin zane, ba sai an yi gwaji ba. (Wanda ya saba sayen tayoyin gwanjo a gida ya riƙa duba wannan hoton dutse. Idan ya gan shi, galibi tayar ƙasar sanyi ce, kuma kwalta mai zafi za ta cinye ta da wuri.)

Ta uku irin ta biyu ce amma da ƙusoshi. Kowace ƙusa ɗan ƙarfe ne mai tsananin tauri da aka dasa cikin robar, abin da ya leƙo waje bai wuce milimita ɗaya da ɗoriya ba. Shi ke karce ƙanƙara ya tsayar da mota. A kan ƙanƙara mai jiƙe babu abin da ya kai ta. Amma tana da nata laifin. Tana cin kwalta, tana tayar da ƙura mai cutar da huhu, ga ƙara. Hukumar birnin Reykjavik ta daɗe tana roƙon mazauna gari su rabu da ita, a Oslo ta Norwe sai ka biya kuɗi kafin ka shiga gari da ita, Jamus kuwa ta haramta ta. A Aislan an yarda da ita daga 1 ga Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu, kuma a wannan tsakanin zurfin zanen kowace taya dole ya kai milimita 3.

Ta ƙarshe ita ce babba, inci 38 kamar tamu, amma gefenta mai laushi ne da ke iya lanƙwasawa ba tare da ya tsage ba, zanenta kuma ya fi na tamu matsewa, da ƙananan ramuka da aka tanada don ƙusa.

Nan mai shagon ya yi wa yayana tambayar da ta raba gardama: a cikin kwana ɗari na hunturu, kwana nawa motar ke kan titi, kwana nawa a kan tudu? Domin abin da titi ke so da abin da tudu ke so sun saɓa. A titin da dusa ta ɗan rufe, siririyar taya ta fi, saboda nauyin mota yana taruwa a ƙaramin wuri, ta keta dusar ta taɓo ƙasa. Faffaɗar taya a nan sai ta riƙa yawo a kan dusar da ta soma narkewa, sitiyari ya yi sakayau a hannu. A kan tudu kuwa babu ƙasar da za a taɓo. Dusar na iya kai zurfin mita da yawa, ƙarƙashinta kuma ƙanƙara ce. Wanda ya keta ya kafe. A can so ake mota ta yi iyo a sama.

Ni dai, da ni ne mazaunin garin da ba ya wuce gida da wurin aiki da kasuwa, da siririyar nan marar ƙusa zan ɗauka, kuma ina ganin jama'a da yawa da ke yawo da manyan tayoyi a cikin Reykjavik ba su da hujjar da ta wuce sha'awa. Amma yayana yana da ƙaramar motar zuwa aiki, wannan ta tudu ce. Ya zaɓi manyan. Mai shagon ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan wani inji mai wuƙaƙe da ke tsattsaga tsakiyar zanen, ya yi musu irin layukan nan da hannunsa, sannan ya harba musu ƙusoshi da bindigar iska. Huɗu aka saya. Yayana ya taɓo maganar ko a sauya biyu kawai saboda tsada, mutumin ya girgiza kai. Idan ƙafafun gaba suna kama ƙasa na baya ba sa kamawa, a kwana ta farko bayan motar zai wuce gabanta.

Ranar tafiya muka fito tun duhu bai gama washewa ba. Muka kama babbar hanya mai lamba 1, wadda ta kewaye ƙasar baki ɗaya, muka nufi arewa. Muka shiga ramin Hvalfjörður, wanda aka buɗe a 1998, hanya mai tsawon kusan kilomita 6 da ke ratsawa ta ƙarƙashin teku. Da muka fito iska ta tare mu a gindin dutsen Hafnarfjall, wurin da ya yi ƙaurin suna wajen guguwa, har akwai allon lantarki a bakin hanya da ke nuna ƙarfinta. Titin yana sheƙi. Ƙusoshin suna ta ƙara a ƙarƙashinmu kamar ana zuba tsakuwa a faranti, motar kuma ba ta kauce ko taƙi ɗaya ba.

Ba da nisa ba muka ga wata jif ta haya ta faɗa gefen hanya, hancinta cikin dusa. Mutanen ciki, baƙi ne kamar ni, suna tsaye lafiya lau suna rawar sanyi. Ayarinmu ya tsaya, dattijon ya ɗaura igiya aka fizgo su. Direban yana ta nanata cewa motarsa mai ja da ƙafa huɗu ce, bai san yadda aka yi ba. Da muka koma mota yayana ya ce, "Ka ji ko? Ja da ƙafa huɗu yana taimakonka ka tashi ne. Wajen tsayawa kuwa kowace mota da ƙafa huɗu take taka birki, har ƙaramar nan tawa ta zuwa aiki." Wannan magana ta zauna mini. Motar da ke tashi a kan ƙanƙara ba tare da ƙafarta ta zame ba tana ɓoye wa direba irin santsin da ke ƙasa, sai ya ƙara wuta, kuma nauyinta ya fi na ƙaramar mota, don haka tsayar da ita ya fi wuya.

Muka sha mai a Borgarnes, muka juya gabas cikin kwarin Borgarfjörður, inda tururi ke tashi daga maɓuɓɓugan ruwan zafi a tsakiyar farin fili. Muka wuce Reykholt, muka isa Húsafell, kimanin kilomita 130 daga Reykjavik. Daga nan kwalta ta ƙare. Hanyar Kaldidalur ce ke gaba, wadda ba a share ta da hunturu, sai sanduna da ke leƙowa daga dusa suna nuna inda take.

A nan kowa ya fito ya durƙusa gaban tayoyinsa. A kan titi muna tafe da iska wajen 25 a geji, irin ma'aunin da masu faci ke amfani da shi a gida. Aka sauke zuwa 12. Bayan mun hau kaɗan, dusar ta yi laushi, aka sauke zuwa 8. Duk wanda ya taɓa bin motocin da ke keta Sahara daga Agadas zuwa Dirku ya san wannan dabara, don direbobinsu ma sai sun sace iska kafin su shiga rairayi, kuma dalilin ɗaya ne. Taya mai ƙarancin iska tana kwanciya, sawunta ya ƙara tsawo sosai, nauyin mota ya bazu. Wata motar ayarin tana da bututu da aka ja daga cikin mota zuwa kowace ƙafa, direbanta yana rage iska yana ƙarawa daga kujerarsa. Mu kuwa sai mun fita cikin iskar da ke yanka fuska. Dattijon ya gargaɗe mu cewa mu riƙa sake aunawa, domin sanyi da kansa yana rage iskar taya, kuma idan ana maganar 4 ko 5 ne a geji, ɗan bambanci kaɗan yana sauya komai.

Ta hannun damanmu akwai wani dutse mai faɗin kai, sunansa Ok. Da can yana ɗauke da tudun ƙanƙara nasa. A 2014 masana suka ce ƙanƙarar ta yi ƙaranci har ta daina motsi, ba za a ƙara kiranta tudun ƙanƙara ba, a 2019 kuma aka kafa allo a samansa don tunawa. Dattijon ya yi mana maganarsa ta rediyon da ke haɗa motocin, ya ce yana saurayi farinsa ba ya gushewa ko da bazara. Langjökull ɗin da muka nufa shi ma yana ja da baya, ko da yake har yanzu faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 800.

Akwai dokar da suke riƙe da ita da gaske, kuma na ga dacewarta. A Aislan haramun ne mota ta bar hanya. An yarda ne kawai a kan tudun ƙanƙara, ko inda ƙasa ta daskare dusa kuma ta rufe ta yadda taya ba za ta bar tabo ba. Gansakukar da ke rufe duwatsunsu idan aka take ta tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo. A wani wuri da iska ta share dusar har baƙin dutse ya bayyana, ayarin ya yi dogon zagaye don kada ya taka.

Da muka hau jikin tudun sosai sai motarmu ta fara nutsewa. Yayana ya taka totur, ƙafafun suka juya a wuri ɗaya, muka ƙara zama. Muryar dattijon ta shigo ta rediyo a natse, ya ce ya ɗaga ƙafarsa, ya sauke iska zuwa 4. Muka fita muka sauke. Tayoyin suka baje har na ji tsoron rim zai taɓa ƙasa. Sannan ya ce ya sa ƙaramar giya, ya ja baya taku biyu, ya dawo gaba a hankali, ya sake ja baya, ya sake dawowa. Kowace dawowa tana danne dusar tana mayar da ita dandamali. A hankali na ji motar ta ɗago, ta hau saman dusar, ta ci gaba da tafiya da saurin da bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba. Da na leƙa baya, sawun da muka bari bai kai zurfin wanda ƙafata ta bari ba lokacin da na sauka. Motar da ta haura tan biyu ta fi ni sauƙi a kan dusa.

Ƙarancin iska yana da farashinsa, kuma mun gani da idonmu. Wata mota a gabanmu ta karya kwana da ƙarfi a kan gangare, tayar gaba ta saɓule daga bakin rim, iskar ta fice gaba ɗaya. Babu wanda ya ɗaga murya. Aka kawo faffaɗan katako aka ɗora jak a kai don kada ya nutse, aka ɗaga ƙafar, aka goge dusar da ta shiga tsakanin roba da ƙarfe da tsumma, aka ɗaure tayar da ɗamara ta tsakiya aka matse har gefenta ya koma wurinsa, aka kunna famfon iska. Ta yi ƙara ɗaya ta zauna. Saboda irin wannan ne wasu ke walda ɗan tudu a cikin rim ko su sa rim mai kulle bakin taya.

A saman ba mu daɗe ba. Motocin suna bin layin da ke cikin na'urar nuna hanya, ɗaya a sawun ɗaya, domin tudun ƙanƙara yana da tsagogi masu zurfi da dusa ke rufewa. Muka tsaya inda dattijon ya ce a tsaya, sama da mita 1,200 daga teku. Fari ta ko'ina, sai kawunan duwatsu can nesa. Na yi taimama a jikin wani dutse da na ɗauko tun daga ƙasa, muka yi sallar azahar ni da yayana a gefen mota inda iska ba ta bugu, abokan tafiyarmu suna shan kofi suna jiranmu. Kafin mu idar gajimare ya fara tasowa daga kudu, aka ce a juya.

Saukowa ita ce gwajin ƙusoshin. Rana ta ɗan narkar da saman dusar a gangaren ƙasa, inuwa ta dawo ta daskarar da shi, hanyar ta zama gilashi mai gangara. A nan faɗin taya ba ya amfanin komai. Yayana ya bar motar a ƙaramar giya, injin yana riƙe ta, ƙafarsa tana shafar birki kaɗan-kaɗan. Ina jin ƙusoshin suna karta. Na tuna da sumul ɗin haƙoran tsofaffin tayoyinmu, na kuma dubi kwarin da ke gefen hagu, na gode wa Allah da ya haɗa mu da maƙwabcin da ya iya cewa a'a.

A Húsafell muka sake durƙusawa, wannan karon don mayar da iska. Ba a hawa kwalta da taya a kwance, domin gefenta zai riƙa lanƙwasawa yana zafi har ya lalace daga ciki, ko ya fashe ana cikin gudu. Famfonmu ƙarami ne, kowace ƙafa sai da ta ci mintuna. Dattijon ya zagayo yana duba tayoyinmu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga ƙusoshin da suka fita, ya ce ba su da yawa. Ya tuna wa yayana cewa tsakiyar Afrilu na zuwa, kuma 'yan sanda suna cin tarar mai ƙusa idan lokaci ya wuce hanyoyi kuma suka bushe.

A hanyar komawa na ce, "Yaya, to da bazara fa? Ka sake sayen wasu huɗu?"

Ya ce tsofaffin nan na laka da ma sun tsufa, ba zai mayar da su ba. Zai nemi wasu na dutse da tsakuwa kafin hanyoyin tsakiyar ƙasar su buɗe a watan Yuni, waɗannan kuma ya kai su shagon da muka saya, don suna da ɗakin ajiya mai sanyi da duhu inda ake biya a bar taya har Nuwamba.